Yadda Ake Haɗa Gidauniya da Tsaya wa Mai Ciwon Daji a Sakkwato

Jinyar ciwon daji doguwa ce, kuma duk wanda zai sa hannu a cikinta ya kamata ya san haka tun ranar farko. Matar da aka samu da sankarar mama takan shafe wata shida, wani lokaci har shekara, tsakanin gwaje-gwaje, tiyata, ƙarin ruwan kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya) da gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura). Bayan an gama wannan ma, wasu likita kan ɗora su a kan ƙwayar da za su yi shekara 5 zuwa 10 suna sha. Mu kuwa taimakon da muka fi sabawa da shi na tashi ɗaya ne. A ga hoto a WhatsApp, zuciya ta karye, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa, a yi tiyata, a yi wa juna barka, a watse. Ranar da za a koma kemo karo na uku sai a tarar asusu ya bushe, masu kiran waya sun ɗauke ƙafa, mara lafiya ta koma ɗaki ta kwanta. Maganin da aka fara aka yanke a tsakiya yakan ba ciwon damar dawowa da ƙarfinsa, ga kuɗin da aka kashe da farko sun riga sun tafi.

Ƙididdigar da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan shekarar 2022 ta nuna sama da mutum 120,000 ke kamuwa da cutar a Nijeriya a shekara, kusan 80,000 kuma ke rasuwa. Sankarar mama ce kan gaba, sai ta furostet, wani ɗan sashe da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, sai ta bakin mahaifa. Zuwa asibiti a makare da yankewar kuɗi a tsakiyar magani suna cikin manyan abubuwan da ke kashe mutanenmu. Ga yadda 'yan'uwa, maƙwabta ko abokan aiki za su tsara kansu su riƙe mutum guda tun daga farkon jinya har ƙarshenta.

A fara da takardar likita

Kada a nemi ko kwabo a hannun jama'a kafin a san abin da ake jinya. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, kuma hoton asibiti kaɗai ba ya yanke hukunci. Abin da ke tabbatarwa shi ne a ɗebi 'yar tsoka daga wurin a kai ɗakin gwaji. A nan ne iyalai da yawa ke ja da baya, saboda maganar da aka daɗe ana yaɗawa cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da allura sai ya bazu. Wannan magana ta cinye rayuka. Ana jin tsoron allurar likita, amma a kai wa wanzami ya tsaga, ko a yi wata takwas ana shafe-shafe har wurin ya fashe. Aikin farko na mai son taimako shi ne ya lallashi iyali a yi gwajin, kuma idan kuɗin gwajin ne matsala, wannan kaɗai dangi na kusa su haɗa shi a tsakaninsu.

Mun yi sa'a a Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen kula da masu ciwon daji da na gashi, wanda mutanen Kebbi, Zamfara har da Jamhuriyar Nijar ke tahowa dominsa. Idan sakamako ya fito, mutum ɗaya mai natsuwa da iya rubutu ya raka mara lafiya wurin likita da littafi da biro. Ya tambayi wane irin daji ne, a wane mataki yake, wane magani za a fara da shi, wane ne zai biyo baya, kemo karo nawa ne kuma kwana nawa ke tsakani, sannan ko za a yi gashi. Ya tambaya kai tsaye ko ana sa ran warkewa ne ko rage raɗaɗi da tsawaita kwana ake nufi, domin amsar za ta canza yadda za a kashe kuɗi. Daga nan ya roƙi rahoton likita mai hatimin asibiti da ƙiyasin kuɗin kowane mataki a rubuce.

Ƙiyasin asibiti ba ya ɗauke da komai. Kafin kowane kemo akwai gwajin jini. Akwai maganin amai da na ciwo, da ledar jini idan jini ya yi ƙasa. Kemo galibi bayan mako uku-uku ake yin sa, gashi kuwa kullum ne daga Litinin zuwa Juma'a har tsawon makonni, wanda ke nufin wanda ya taho daga Isa, Illela ko Tambuwal sai ya sami wurin kwana a cikin gari shi da mai jinyarsa. A haɗa kuɗin mota, abinci da masauki, sannan a ɗora wani abu a sama saboda farashin magani ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma na'urar gashi a ko'ina takan tsaya don gyara har a tura mutum wani gari. Wannan jimillar ce abin da za a nema, a rarrabe wata-wata.

Sai da yardar mai ciwo

Kafin a faɗa wa kowa, a zauna da mai ciwon. Jikinsa ne, sirrinsa ne. A tambaye shi wa da wa ya yarda su sani, ko ya yarda a ambaci sunansa, ko a ce kawai wani ɗan'uwa a unguwa kaza. Idan mace ce, a shigo da mijinta ko waliyyinta cikin shawarar, amma bakinta za a fi saurare.

Akwai abin da nake roƙon masu neman taimako su daina: ɗaukar bidiyon mace an buɗe mata ƙirji, ana nuna gyambo, tana kuka, a watsa a Facebook. Na san hujjar da ake kawowa, cewa mutane ba sa bayarwa sai sun ga abin tausayi. Amma bidiyon ba ya gogewa. Matar za ta warke ko ta rasu, 'ya'yanta za su girma su tarar da shi a wayoyin mutane. Rahoton likita da aka rufe sunan da ke kai, da shaidar limami ko mai unguwa, sun isa su gamsar da mai niyyar bayarwa. Wanda ke son gani da idonsa, a haɗa shi da ɗan kwamiti ya kai shi dubiya.

Kwamiti da asusu

Mutum uku zuwa biyar sun isa. A sami ɗaya daga cikin iyali, ɗaya dattijon da unguwa ke jin kunyarsa, ɗaya mai iya lissafi da waya, sannan idan da hali ma'aikacin lafiya, ko nas ko mai ba da magani, wanda zai riƙa fassara abin da likita ya rubuta. Idan mara lafiya mace ce, dole a sami mace a ciki, domin akwai buƙatun da ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Kuɗin gidauniya kada su shiga asusun da mutum ke harkokinsa na yau da kullum da shi, komai amanarsa. Ba zargi ba ne, kare shi ake yi. Ranar da kuɗin taimako suka gauraya da na cefane, shi kansa ba zai iya rarrabewa ba, kuma daga nan tsegumi ke farawa. A je banki a buɗe asusun haɗin gwiwa wanda sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire, a sa saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa wayar mutum biyu. Lambar asusu ɗaya tak za a bayar a ko'ina. Masu damfara kan kwafi sanarwar mutane su sauya lambar asusu, don haka a rubuta sunan da ke kan asusun ɓaro-ɓaro, a kuma gargaɗi jama'a su duba sunan kafin su tura. Hoton shaidar tura kuɗi ba kuɗi ba ne, sai an ga sun shiga.

Tun a zaman farko a rubuta abin da za a yi da ragowar kuɗi idan an gama magani ko Allah ya karɓi ran mara lafiya, kowa ya sa hannu. Magana ce mai nauyi a baki, amma faɗarta a farko ta fi sauƙi a kan jayayya a zaman makoki.

Idan niyyar ta wuce mutum ɗaya, ana son kafa ƙungiyar da za ta daɗe, sai a yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, a kuma karɓi takardar SCUML, sashen gwamnati mai yaƙi da halasta kuɗin haram, da bankuna ke nema kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Don mara lafiya guda ba a buƙatar wannan.

Inda kuɗin za su fito

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Iyali su fara ajiye nasu, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shi a layin farko na littafi. Mai bayarwa yakan saki hannu idan ya ga masu abin sun motsa. Sai dai a yi hattara da sayar da abin da gidan ke ci da shi. Gona, babur ɗin kabu-kabu ko keken ɗinki su ne za su ciyar da yara bayan jinya, don haka su zama na ƙarshe da za a taɓa.

Ginshiƙin gidauniyar ciwon daji shi ne masu alkawarin wata-wata. A zauna a rubuta sunayen dangi, surukai, abokan aiki, tsofaffin abokan makaranta, da 'yan gari da ke Legas, Abuja, Kano ko Saudiyya. A kira kowa shi kaɗai, kada a wadatu da jefa saƙo a zauren WhatsApp inda kowa ke jiran wani. A ce masa: “Alhaji, jinyar za ta kai wata takwas. Ba muna roƙon ka ba da mai yawa yau ba ne, muna son ka ɗauki abin da za ka iya duk ƙarshen wata har a gama.” Mutum 30 da kowannensu ya ɗauki N5,000 sun ba ka N150,000 duk wata, kuɗin da ka san da zuwansu, ka iya tsara ranar kemo a kansu. Wannan ya fi miliyan guda da ta shigo rana ɗaya aka rasa ta biyu. Mutum ɗaya a kwamiti ya ɗauki nauyin tunatarwa idan albashi ya shiga, cikin ladabi, ba kamar mai bin bashi ba.

Sai masallaci. A sami limami tun kafin Juma'a, a nuna masa takardu, shi ya yi sanarwa da bakinsa. Abin da aka tara mutum biyu su ƙirga a gaban shaida, a rubuta, a kai banki ko wurin mai POS a ranar. Mata kuwa suna da hanyoyinsu da maza kan manta da su: makarantun Islamiyya na matan aure, da 'yan adashe, waɗanda sau da yawa sukan yarda a ba gidan da ke jinya kwasar farko. A Babbar Kasuwa da kasuwar Kara kowane layi yana da shugabanninsa, kuma ta hannunsu ake shiga, musamman idan mara lafiya ko mijinta ɗan layin ne. A ƙauye kada a nace sai tsabar kuɗi. Lokacin kaka manomi ya fi iya ba da buhun gero, shinkafa ko albasa, a sayar ko a ciyar da gidan da shi.

Zakka tana da gurbi a nan. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa waɗanda ake ba, ciki har da faƙirai, miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma gidan da jinya ta cinye yakan faɗa cikin ɗayan waɗannan. A tuntuɓi attajiran da aka san lokacin fitar da zakkarsu, a kuma ajiye kuɗin zakka daban a lissafi, domin ba a mayar da su wani aiki yadda aka ga dama. A rubuta takarda zuwa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda taimakon marasa lafiya ke cikin ayyukanta, a haɗa da kwafin rahoton likita da shaidar hakimi ko mai unguwa.

A cikin asibiti, a nemi ofishin walwalar marasa lafiya. Su suka san wane tallafi ne ke buɗe a lokacin. Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, bakin mahaifa da furostet, wanda ya fara aiki a 2021 a asibitoci shida, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, ce ke kula da shi yanzu. Tun 2019 kuma akwai shirin sayar da wasu magungunan kemo da rangwame a zaɓaɓɓun asibitocin koyarwa. A tambayi likita da ɗakin magani yadda za a shiga. Wanda ke da inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ko ta jiha, SOCHEMA, ya je ya ji abin da inshorar za ta ɗauke masa, ko da gwaje-gwaje ne. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Medicaid Cancer Foundation da Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta kafa, da Project PINK BLUE a Abuja, waɗanda ake iya rubuta wa. Duk waɗannan suna ɗaukar lokaci, don haka a aika takardun da wuri, amma kada a dakatar da magani ana jiran amsa.

Rediyo da intanet su zo daga baya, idan na kusa sun yi iya yinsu. Rima Radio da sauran tashoshin gari suna kaiwa inda WhatsApp ba ya kaiwa. Sanarwa ta zama gajera kuma mai lissafi, kamar haka: “Wata 'yar'uwarmu a Mabera, uwar yara huɗu, tana jinyar sankarar mama. An yi mata kemo biyu, saura huɗu, sannan tiyata. Abin da ake buƙata kaza ne, an tara kaza, saura kaza. Limamin masallaci kaza ya ga takardun. Za mu sanar da abin da ya shigo duk ranar Juma'a.” Ba ƙari, ba rantse-rantse, ba cewa za ta mutu gobe idan ba a bayar ba.

Kashewa da bayani

Kuɗin magani a biya su kai tsaye a asibiti ko ɗakin magani, a karɓi rasit, a ɗauki hotonsa nan take saboda rubutun rasit kan goge. Kuɗin mota da abinci kuwa a ba iyali a hannu duk mako, kada a sa su zuwa roƙon kwamiti kan kowace naira ɗari biyar, wannan ƙasƙanci ne.

Idan za a sayi maganin kemo a waje, a tafi da takardar likita wurin kantin da ke da rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma tambaya ko maganin na buƙatar sanyi. Wasu sai a cikin kula mai ƙanƙara ake ɗauko su, kuma zafin Sakkwato a watan Afrilu ba ya yi wa irin wannan magani uzuri. Za a sami masu zuwa da labarin wani mai magani da ke warkar da daji cikin mako biyu. Kwamiti ya tsaya a kan cewa kuɗin jama'a na maganin da likita ya rubuta ne. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, amma duk wani jiƙo ko gari da za a sha a nuna wa likita tukuna, domin wasu na taɓa hanta da ƙoda a daidai lokacin da kemo ke buƙatar su da ƙarfinsu.

Duk mako ko duk bayan kemo a fitar da bayani ga masu bayarwa: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ya rage, da mataki na gaba. Mutane ba sa gajiya da bayarwa kamar yadda suke gajiya da shiru. Wanda ya nemi a ɓoye sunansa a ɓoye.

Jini, ɗaki da kwanon abinci

Wanda ba shi da kuɗi yana da abin bayarwa. A rubuta sunayen matasa masu lafiya, 'yan shekara 18 zuwa sama, da suka yarda su ba da jini, a san rukunin jinin kowa tun kafin a buƙata. Neman jini da ƙarfe biyun dare tashin hankali ne da ake iya kauce masa. Mai ɗaki a Gawon Nama, Runjin Sambo ko Arkilla da zai sauki baƙo na makonnin gashi ya ɗauke wa gidauniya kaso babba. Mai mota ko keke napep ya ɗauki ranakun asibiti. Maƙwabta su raba kwanakin girki da kai yara makaranta.

Kemo kan kawo tashin zuciya da gyambon baki, don haka abinci mai laushi kaɗan-kaɗan ya fi: kunun gyaɗa, fate, ƙwai dafaffe, romon kaza, wake da ya nuna sosai, ba yaji mai yawa. Fura tana shiga, amma nonon da ba a dafa ba yana da haɗari ga wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, gara a dama da madara ko yogot na kamfani da ruwa mai tsabta. A saya wa gidan ma'aunin zafin jiki. Idan zafi ya kai 38 a lokacin kemo, asibiti za a tafi a daren, ba a shan farasitamol a jira safiya.

Zama da mai ciwo

Dubiya haƙƙi ce da Musulmi ke da shi a kan ɗan'uwansa, amma tana da ladabi. A makon farko gida kan cika maƙil har mara lafiya ta rasa inda za ta miƙe ƙafa, a wata na huɗu kuwa sai ta wuni ba wanda ya yi sallama. A rarraba zuwan. Kwanakin farko bayan kemo na gajiya da amai ne, daga kwana 7 zuwa 14 kuma garkuwar jiki ta fi yin ƙasa, don haka mai mura ko tari ya gaishe ta ta waya. Wanda ya zo ya wanke hannu, ya rage turare mai ƙarfi, ya taƙaita zama sai idan ita ta ce ya ƙara.

Bakinmu kan yi ɓarna ba da niyya ba. Kada a ba ta labarin wance da irin wannan ciwo ya kashe. Kada a ce “ai da kin zo asibiti da wuri”, ta riga ta faɗa wa kanta haka sau dubu. Kada a kawo maganar jifa ko a nuna kishiya da yatsa, gidan na da isasshen nauyi. Idan ta yi kuka kada a yi saurin rufe mata baki da “yi haƙuri, ba kyau”. Hawaye ba rashin tawakkali ba ne. A bar ta ta faɗi abin da ke cin ta, wanda sau da yawa ba mutuwa ba ce, yara ne: wa zai riƙe su, wa zai aurar da babbar. Mai sauraro ya ji har ƙarshe. Tambaya mafi amfani ita ce mafi sauƙi: “Inna, mi kika so in kawo miki gobe?” Sannan a kawo ɗin. A yi mata addu'ar da aka koyar, a ce “Allah shi ba ki lahiya”, a kuma ba ta labarin duniya, bikin wance, farashin kasuwa, abin da jikanta ya faɗa, domin ta gaji da zama ciwo kawai a idon mutane.

Ciwon daji ba ya yaɗuwa ta kwano, tabarma ko taɓa jiki. Ware mata kofi da cokali yana yi mata ciwon da ya fi na allura. A ci tare da ita a kwano ɗaya. Idan gyambo na wari, kada a toshe hanci a gabanta, a gaya wa nas, akwai maganin da ake sawa ya rage shi.

Ga maigida ina da magana ta musamman. Matar da aka cire wa mama, gashin kanta ya zube, tana kallon fuskarka fiye da yadda take kallon ta likita. Ranar da aka kwance bandeji ta fara ganin tabon, abin da za ka faɗa zai zauna mata har abada. Ka shiga ɗakinta ranar kwananta kamar yadda ka saba, ka raka ta asibiti ko da sau ɗaya a wata, ka hana danginka maganganun gefe. Gashin kai yana sake fitowa bayan an gama kemo. 'Yan'uwa mata kuma su sami tela mace ta ɗinka mata ɗan matashi mai laushi cike da auduga da za ta sa cikin rigar mama idan wurin ya warke, ta iya shiga biki da suna ba tare da tana jan hijabi tana dubawa ba.

Maza nasu ɓoyon daban ne. Dattijon da aka sa wa robar fitsari yakan daina zuwa masallaci da majalisa saboda kunyar jakar da ke ƙarƙashin rigarsa, ya shige ɗaki ya yi shiru. Abokansa su ɗauko majalisar su kawo zaurensa bayan La'asar, da shayinsu da rediyonsu da gardamarsu. A kawo malami ya yi masa bayanin sauƙin da fiƙihu ya yi wa mai yoyon fitsari a alwala da salla, da rangwamen da mara lafiya ke da shi a azumi, domin da yawa suna cikin damuwar ibadarsu ba sa faɗa.

Game da ɓoye wa mara lafiya sunan ciwonsa, ra'ayina shi ne babba mai hankali ya cancanci ya sani, a hankali, gwargwadon abin da ya nemi ji, a gaban wanda yake ƙauna. Wanda ake ɓoye wa yakan gane daga fuskoki, sai ya zauna da tsoronsa shi kaɗai. Yara ma a faɗa musu daidai hankalinsu, cewa Inna ba ta da lafiya, maganin zai sa ta gaji, kuma ba laifinsu ba ne. Idan da wadda ta taɓa bin wannan hanya ta gama, a haɗa su ko ta waya. Maganarta tana shiga inda tamu ba ta kaiwa. Idan kuwa aka ga mara lafiya ta daina ci da barci makonni, ta ƙi magani, ko tana cewa gara ta mutu ta huta, a gaya wa likitanta ya haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, a asibitin koyarwa ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Damuwa ciwo ce mai magani.

Mai jinya ma a duba ta. Galibi mace ɗaya ce, 'ya ko ƙanwa, ke kwana a ƙasan gadon asibiti wata da watanni, ta bar karatu ko sana'a. A sami mai karɓarta ko kwana ɗaya a mako, a sa mata wani abu a hannu, a tambaye ta yadda take.

Idan magani ya ƙare

Wani lokaci likita zai ce ciwon ya wuce warkewa. Wannan ba ya nufin aikin kwamiti ya ƙare, akalar kuɗin ce za ta juya. Maimakon cin bashin tafiya Masar ko Indiya ba tare da shawarar likita ba, a nemi kulawar rage raɗaɗi: maganin ciwo mai ƙarfi irin mofin da likita ke rubutawa, kayan wanke gyambo, katifa mai laushi, fanka mai caji. Babu dalilin barin mutum yana murƙususu don tsoron kada ya saba da magani. A ba shi dama ya faɗi basussukansa, ya yi wasiyya, ya ga waɗanda yake son gani.

Idan kuma Allah ya sa an kammala lafiya, a bar wani abu a asusu don komawa ganin likita, wanda a shekarun farko kan zama bayan 'yan watanni, da ƙwayoyin da za a ci gaba da sha. Sai a fitar da lissafin ƙarshe, a aika wa duk wanda ya bayar tare da godiya, a sanar a fili cewa an rufe karɓar taimako don kada sanarwar ta ci gaba da yawo, a bi abin da aka sa wa hannu tun farko game da ragowar, sannan a rufe asusun. Littafin sunayen masu alkawarin wata-wata da masu ba da jini kuwa a damƙa shi ga limami ko mai unguwa, bayan an nemi izinin waɗanda ke ciki.